Akushi na Goma Sha Biyu

"Gadon aurena fa, Baban yara! A kansa na haifa maka huɗu!"

"Allon kai kawai na cire," in ji shi, bai ko tsayar da injin sassaƙa ba. "A kan allon kike kwana?"

Gobe da hantsi mai otal zai zo ɗaukar akushi goma sha biyu, na tsohon katako zalla. In suka gaza ko da ɗaya ne, sai ya koma wajen wani. Ɓaraguzan jiragen ruwan da ya saba sassaƙawa kuwa an tsince su tas a bakin teku. Turmin gidan ya zama akushi, kujera ma ta bi, kwana uku tukunya ba ta hau wuta ba. Allon gadon ma yana hawa inji ya tsage, ashe gara ta cinye cikinsa. Saura akushi ɗaya.

"To, sai ka ɗora ni a injin! Na tafi gidanmu!"

Ya buɗe baki zai roƙe ta, ta fice ta bugo ƙofa, gam!

Ƙara mai nauyi, ta busasshen katako mai kauri, babu gara. Bawan Allah bai bi matarsa ba. Ƙusoshin ƙofar ya tsaya yana dubawa.