Baƙon da Ya Ƙi Komawa Sama

Tunda kai a wurinka duk abin da ya kwana biyu na juji ne, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran rediyo a Zariya da Allah ya jarabce shi da son ƙagaggun labarai, irin waɗanda halittun wata duniya ke saukowa daga sama su haɗu da 'yan Adam. Kuma ba kowane kwafi yake ɗauka ba sai bugun farko, wato wanda ya fara fitowa daga maɗaba'a kafin a sake buga littafin. Ya bi masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, ya yi sallama a gidajen malaman makaranta da suka yi ritaya, har ya cika adaka biyu. Yakan jera su da busasshen ganyen darbejiya saboda gara, ran Juma'a ya fito da su su sha iska, amma ko ɗaya bai taɓa ƙetare ƙofar gidansa ba. 'Yan unguwa na yi masa tsiya wai ya bar 'yan ƙasa yana zumunci da 'yan sama. Shi kuwa ko a jikinsa.

To, yana da wa, tsohon tela. Wata rana a zaure telan ya ɗauko labarin wani littafi da suka karanta shi da ƙanen nasa suna samari. Ya ce a littafin, da baƙin da suka sauko daga sama suka tashi komawa, ɗayansu ya ƙi shiga jirgin, ya zauna a ƙauye ya koyi noman gero. Babban ɗansa, magidanci mai ji da karatu, ya ce sam babu wannan. Ya shiga ya ɗauko sabon bugu mai sheƙi, ya buɗe shafin ƙarshe, ga shi ƙarara baƙin duk sun tafi. Kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. 'Ya'ya suka fara raɗa cewa Baba ya soma ruɗewa, suka tuno ranar da ya nemi hularsa alhali tana kansa, suka karɓe makullin shagon da ya shekara arba'in yana buɗewa da hannunsa. Abin ya ci tsohon ƙwarai. Ya daina hira a zaure, har shi ma ya fara shakkar kansa.

Da labari ya iske mai rediyo, ransa ya ɓaci, don ya san halin masu sake bugu, sukan datse littafi don tsimin takarda ba tare da sun gaya wa kowa ba. Ya buɗe adaka ya zaro nasa, bango ya koɗe, takarda ta yi launin ƙasa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya shi, don ya san ɗinkinsa ba zai jure hannun da bai saba ba. Sannan ya naɗe shi a ƙyalle ya fita. A zauren wansa ya miƙa wa ɗan, ya ce, “Ɗana, karanta mana daga inda naka ya tsaya.” Sai ga babi guda cur a bayan wurin, shafi goma sha biyu. Ɗan ya karanta a bayyane, murya na raguwa, har ya kai inda baƙon ya ɗaure daminsa na farko. Garin juyawa shafi biyu suka ɓalle suka faɗi a tabarma. Mai rediyo, wanda a da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kan littafin, ya tsince su kawai yana dariya, zuciyarsa fari ƙal. Ɗan ya sunkuyar da kai, ya laluba aljihu, ya ajiye makulli a gaban mahaifinsa. Tsohon ya ɗauka ya ce, “Ai na gaya muku gero ya noma.” Washegari tun da hantsi aka ji ƙarar keken ɗinkinsa a shago.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.