Sandar Ƙirga Idanu a Filin Tsamiya

Tun da aka kafa sandar ƙirga idanu a Filin Tsamiya, doka ɗaya ce: wasan da bai tara 'yan kallo ɗari biyu ba, a karɓe masa filin a ba ƙwallon Turai.

Yau ce ranar gwajin ƙwallon langa, wadda ake bugawa da kai da kafaɗa ana tsalle da ƙafa ɗaya. Barau ya shekara talatin yana koyar da ita. Tun da hantsi yake zaga gari gida-gida yana roƙon mutane, ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Sun kuwa ji kunyarsa, da la'asar fili ya cika maƙil. Amma da ya ɗaga kai, sittin da ɗaya ya gani a allon sandar. Sandar ba ta ƙirga jiki, sai idon da ke kan wasa, ga shi yawancin mutane sun toshe fuska da tabaran kallo, suna bin wasan ƙarshe na Turai.

Barau ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya ratsa taro ya durƙusa gaban yayansa Talle, amma idonsa bai bar kan 'yan wasansa ba.

"Yaya, don Allah ka cire na minti goma."

"Ka ce in zo, na zo," in ji Talle. "Dakata, fanareti za a buga."

Taro ya yi tsit. Barau ya matsa ya leƙa ta gefen tabaran yayansa.

Can sama, allon ya koma sittin.