Zaren Damben Baba

Ina ɗan shekara tara Baba ya ɗauke ni a babur daga Jega zuwa Aliero kallon dambe. Mahauci ne, ya yi dambe da ƙuruciya har kunnensa ɗaya ya mutu. A aljihunsa akwai tsohon zaren da yake naɗe hannu da shi, baƙi ƙirin, mai warin gumi da kitse. Niyyarsa ya ba wanda ya yi kisa mai kyau a ranar.

Da la'asar samari biyu suka shiga fili, suna ta juyi a gaban manyan baƙi da masu ɗaukar hoto. Ɗaya ya kai naushi, iska kawai ya daka, amma ɗayan ya zube yana shure-shure. Fili ya ɗauki sowa.

Baba ya tofar da goron bakinsa, ya ce mini, "Tun gida sunka shirya wa za ya hwaɗi. Hannun da aka naɗewa mashi na, gudan garkuwa, don yaƙi kakanninmu sunka koye shi. Wagga kau rawa ta."

Wanda ya ci ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, a sa albarka." Baba ya dube shi, sannan ya miƙa zaren ga wani mai albasa da ke neman abin ɗaure bakin buhu.

Yau 'ya'yana kan nuna mini irin wannan damben a waya, suna kiran 'yan wasan jarumai. Nakan ce su rage ƙara, ina jin rediyo.