Wasiƙar Yaya Sani

Ina aji shida wasiƙar ta iso gidanmu a Ƙofar Durbi, bayan la'asar, daga kamfanin jirgin ruwan da Yaya Sani ke wa aiki. Baba tsohon malamin Turanci ne, amma ya daina gani, sai ya miƙo mini. Da na fassara masa cewa Yaya Sani ya ɓata a teku, ya laluba ya riƙe hannuna.

"Ɗiyata, missing suka rubuta ko lost?"

"Ba duk ɓata ba ne, Baba?"

"A'a. Missing, ana kan nemansa. Lost, an fid da rai."

Na sake dubawa. Lost ne a rubuce.

"Missing ne, Baba."

Har ya rasu, duk sallamar da aka yi a zaure sai ya tashi zaune. Har yau ban san ko taimakonsa na yi ba.