Don Hermógenes Ya Nemi Mai Laifi

Hayaƙi bai gama tashi daga gonar shinkafar da jirgin ya faɗa ba, Don Hermógenes Barragán ya riga ya gano abin da ya kayar da shi. A shagon kofi na Doña Eufemia ya sanar da mutanen Puerto Almendra, yana hura kofinsa.

"Mace aka ba wa tuƙi. Compadre, aminina, ka taɓa ganin matata tana ajiye mota? To, wannan jirgi sukutum aka miƙa mata."

Jirgin safe ne daga Bogotá, da mutum arba'in da shida. Ya sauko lafiya, ya fitar da tayoyi, saura ƙiris ya taɓa titin sauka, sai injinansa biyu suka yi tari suka mutu. Mutum uku ba su fito da rai ba. Matuƙiyar, Kyaftin Yadira Mosquera, tana asibiti da karyayyen ƙugu.

Lisímaco mai aski ya ce shi dai yana zargin an haɗa man jirgin da ruwa. Mai kantin magani ya ce iska ce ta bugo daga gefen kogi. Doña Eufemia ta ce ɗan ƙanwarta ya rantse mata cewa mutumin hasumiyar filin jirgi ƙwallo yake saurare a rediyo.

"Comadre, 'yar uwa, ki tsaya a kan kofinki," in ji Don Hermógenes. "Shi ma yau ya yi ruwa."

Ba wanda ya ja da shi. Kansila ne, shi ke da babbar mahautar gari, kuma a bangon ofishinsa akwai takardar yabo cikin gilashi. Shekara talatin ungulaye suna zaune a rufin kasuwa kamar masu haya. Wata uku da suka wuce ya ba direbobinsa umarni ɗaya, cikin mako guda kasuwa ta yi tsab, wari ya ɗauke, ungulayen suka ɓace. Tun daga ranar yake ganin duk abin da ke tashi sama yana ƙarƙashin ofishinsa.

Ranar Laraba ya shiga gidan rediyo ya ce an ji warin giya a bakin matuƙiyar. Ranar Alhamis ya ce janbaki take shafawa. Ranar Juma'a ya gano cewa kawunta ne ya samo mata takardar tuƙi. Kafin Lahadi an jefi tagar ɗakinta na asibiti da dutse, uwarta kuma, wadda ta yi tafiyar kwana biyu a mota, ta zaga masauki huɗu ana ce mata babu ɗaki.

Don Hermógenes bai tsaya nan ba. Ya sa majalisar gari ta zartar da ƙuduri: duk wanda bincike ya kama, za a karanta sunansa a bainar jama'a, gari kuma zai kai shi kotu kan ran mutum uku. Shi ya rubuta, shi ya fara sa hannu, har sa hannun nasa ya cinye wurin mutum biyu.

Da babban birni ya turo mai bincike, ransa ya ɓaci. Ita ma mace ce, Injiniya Nubia Cifuentes, gajeriya, da takalmin roba har gwiwa. Duk da haka ya sa aka gasa maraƙi don karrama ta. Ba ta zo ba. Kwana tara ta yi kanta cikin injin, ranar ta goma aka hango ta tana zaga bayan shingen filin jirgi, ta toshe hanci da hankici.

"Ko warin man jirgi ba ta iya jurewa," ya ce wa Lisímaco, yana kan kujerar aski. "Gyara min gashin bakin nan sosai, gobe akwai 'yan hoto."

Zauren majalisa ya cika har bakin ƙofa. Dangin mamatan suna gaba cikin baƙaƙen kaya, uwar matuƙiyar tana can baya, a tsaye. Don Hermógenes ya yi jawabin minti arba'in, ya share hawaye sau biyu, sannan ya ba Injiniya wuri.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce man jirgin lafiyayye ne, iska ba ta kai ta kawo ba, mutumin hasumiya yana bakin aikinsa. Ta ce ba don hannun Kyaftin Mosquera ba, da akwati arba'in da shida za a saya. Injinan biyu ungulaye suka haɗiya, aƙalla bakwai.

Don Hermógenes ya tuntsire da dariya, ya kira ta da laƙabin masu ilimi. "Haba, doctora! Garin nan babu ungulu. Tambayi kowa."

"Na tambaya. Abincinsu suka bi. Akwai wani kwazazzabo a bakin titin sauka, inda ake juye kawunan shanu da kayan ciki kowace safiya."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Don Hermógenes ya miƙe, ya daki tebur har ruwan magajin gari ya zube.

"Wane ɗan iska ne? A karanta sunansa! Doka ce, ni na rubuta ta!"

Injiniya ta ciro 'yar leda daga jakarta. A ciki akwai alamar roba ruwan ɗorawa, irin wadda ake maƙala wa saniya a kunne. A cikin tumbin ɗaya daga tsuntsayen aka same ta. Magajin gari ya sa tabarau, ya matso da lasifika, ya karanta a hankali: "Mahautar Barragán da 'Ya'yansa."