I Ko A'a

Farfesa Isiyaku ba ya ba da shawara a tsaye. Sai ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya bar mai nema ya ɗan gaji da tsayuwa, sannan ya fara sakin hikima ɗis-ɗis kamar famfon unguwa.

Ranar Salim ne a gaban teburin. Bai daɗe da gama digiri na biyu ba aka ɗauke shi aikin wucin gadi a wata cibiyar binciken lafiya da ke Unguwar Sarki. Aikinsa shi ne bin sawun masu shanyewar ɓarin jiki da aka sallama daga asibiti, a ga ko motsa jikin da Farfesa ya ƙirƙiro ya kawo musu sauƙin rayuwa. Su biyu aka ɗauka, gurbin dindindin kuwa ɗaya ne tak. Wanda bai kawo sakamako mai kyau ba zai koma zaman gida.

"Kada ka tambayi majinyaci," in ji Farfesa. "Bahaushe ko da ƙyar yake jan numfashi, da sauƙi zai ce maka. Matarsa za ka tambaya, kuma ta waya. Bincike da kai ake yin sa, ba da takalmi ba. Sannan ka yanke gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya gajiya, kafin ku gama kati ya ƙare. Mace kuwa in ka ba ta fili sai ta kai ka ranar ɗaurin aurenta. I ko a'a, shi ke nan. Da haka na zama abin da na zama."

Salim ya haɗiye wannan karatu ko tauna bai yi ba.

Abokiyar takararsa Maimuna ba ta zo ɗaukar darasi ba. Kullum tana cikin keke-napep tsakanin Kawo da Hayin Banki, tana zama a tabarmar mutane, ta dawo da labarin gyambon kwanciya da kukan 'ya'ya. Farfesa ya ce wannan ba bincike take yi ba, zumunci take yi. Salim ya yi dariya har da riƙe ciki, don ya san gaban wanda yake.

Cikin waɗanda suka faɗo hannunsa akwai Malam Ila, tsohon mai gyaran rediyo a Kurmin Mashi, wanda aka sallama a galabaice. Da Salim ya kira, wayar ta sha yawo hannu zuwa hannu cikin hayaniyar mutane kafin ta isa ga matarsa, Uwani.

"Mama, daga cibiya ne, kan Malam. Tambayoyi ne, i ko a'a kawai."

"Allah sarki, mun gode da kira. Ai ɗan nan..."

"Yana kukan ciwo yanzu?"

"A'a."

"Sai an ɗaga shi zuwa banɗaki?"

"A'a, ai..."

"Mutane na zuwa gidan?"

"I. Ba masaka tsinke."

Salim ya kashe waya yana murmushi. Ciwo babu, dogaro da wani babu, jama'a kuma ga su nan. Lallai Farfesa ya san abin da yake yi.

Haka aka ci gaba duk wata. Malam Ila ba ya tashin kowa da dare. Ba ya faɗa da mutanen gida, shi da aka ce kafin nan ko kofi aka ajiye ba daidai ba sai maƙwabta sun ji. Magani ma an daina saye. Wani lokaci Uwani takan shaƙe da kuka, Salim ya jira ta gama cikin haƙuri, don ya san farin ciki ma yakan sa hawaye. Da ya gayyace ta ofis ta ce ba ta fita yanzu, sai ya ƙara ganin girmanta. Mace ke nan, ko nan da can ba ta yarda ta bar mijinta.

Sauran majinyatan nasa dai ga su nan, ba yabo ba fallasa. Malam Ila ne ya ɗaga sakamakon gaba ɗaya. Farfesa ya shiga yawo da labarinsa daga taro zuwa taro, yana haska shi a majigi, yana nuna Salim da baki a matsayin yaron da ke jin magana. Salim har ya fara yi wa sababbin ɗalibai nasiha, yana cire hula yana ɗorawa a gwiwa.

Da labari ya kai Abuja, masu ba da tallafi suka turo Dakta Yasmin ta ga tsohon da idonta, a ɗauki hotonsa yana takawa. In an dawo, Farfesa zai sa hannu a ba Salim gurbin.

Suka ɗunguma da mota biyu, da mai kyamara, da kwalin lemo. Sai da suka yi tambaya kafin su gane gidan, don Salim bai taɓa taka layin ba. Aka yi musu iso, Uwani ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna can gefe cikin mayafi. Tsakar gidan shiru, an share shi tas.

Ganin idon baƙuwa, Salim ya durƙusa kamar ɗan kirki, ya gaida ta.

"Mama, ina wuni? Ni ne mai kiran nan. Ya mai jiki?"

Uwani ta dube shi, ta dubi kyamarar da aka saita mata, ta dubi Farfesa da ke gyara babbar riga don hoto.

"Wane mai jikin, ɗan nan?" ta ce. "Ai ranar da ka fara bugo min waya, dawowar maza ke nan daga binne Malam."