Huɗubar Jikan Farfesa Mudi

Da hantsi, ana yayyafi, Farfesa Mudi ya isa gidan 'yarsa Rakiya da dabino a aljihu, zai yi wa jikansa huɗuba. Ɗalibansa na kwamfuta ne suka kwashe muryarsa da iliminsa suka zuba a na'ura, daga nan jami'a ta sallame shi.

"Baba, ai an yi tun asuba," in ji Rakiya, tana nuna na'urar kusa da kunnen jaririn. "Muryarka ce sak, ita kuma ba ta tari."

"Wane suna na sa masa?"

"Tambaye ta mana."

Bai tambaya ba. Da ya ga cajinta ya kusa ƙarewa, sai ya durƙusa da ƙyar ya jona mata wuta. Ba wanda ya waiwayo.